Ina Sunan Depitenmu? Yadda Ake Bin Sawun Aikin Ɗan Majalisa a Nijar

A fadar shayi a Tawa, in hira ta gangaro kan wani tsohon depite, hukuncin ba ya wuce biyu. Ko a ce "mutumin kirki ne, ya yi mana aiki", ko a ce "ya ci ya goge baki". Ka nemi hujja, sai a lissafa maka rijiyar da ya gina, buhunan hatsin da ya aiko da azumi, takardar maganin da ya biya wa wani a asibitin Yamai, ko wayar da ya daina ɗauka tun ranar da ya rataya ɗamarar majalisa. Da wuya ka ji wanda zai ce ga abin da ya kaɗa ranar ƙuri'ar kasafin kuɗin 2018, ko ga tambayar da ya tsare minista da ita. Laifin ba na talaka ba ne shi kaɗai. Yadda majalisar dokokin Nijar ta riƙa aiki, ƙuri'ar mutum guda ita ce ta fi wuyar ganowa, kuma ko an gano ta, abin da take faɗa game da mai ita kaɗan ne. Sawun depite yana wani wuri daban, wato duk inda doka ta tilasta masa ya rubuta sunansa ya sa hannu.

Tun ranar 26 ga Yuli 2023 da sojojin CNSP ƙarƙashin Janar Abdurahaman Tiani suka karɓi mulki, babu zaɓaɓɓiyar majalisa a ƙasar. An jingine kundin tsarin mulkin 2010, a 2025 kuma aka rusa jam'iyyu, aka kafa majalisar ba da shawara wadda ba da ƙuri'ar jama'a ake shiga cikinta ba. To, me ya kawo zancen depite yanzu? Ai yanzu ne ma lokacinsa. Majalisu uku na Jamhuriya ta Bakwai, wato zamanin kundin 2010, ta 2011 da ta 2016 da wadda aka girka a Maris 2021, sun gama nasu, babu mai ƙara layi ko ya goge. Mutanen da suka zauna cikinsu suna nan cikin gari, ana haɗuwa da su wurin ɗaurin aure da jana'iza, kuma duk ranar da aka sake buga gangar zaɓe, da yawansu za su fito da sabuwar hula.

Duk ƙa'idojin da za mu bi a nan na zamanin zaɓaɓɓiyar majalisa ne, kafin juyin mulkin 2023. Sai a fara da yadda mutum yake samun kujerar, don daga nan ne komai ya samo asali. A 2011 kujerun majalisa 113 ne, daga 2016 suka zama 171. Cikinsu 158 ana raba su ne tsakanin jihohi takwas, Tawa tana da 30, Yamai tana da 10. Takwas na mazaɓu na musamman ne, irin su Tasara a arewacin Tawa, da Tesker, Bilma, Bermo da Bankilare, biyar kuma na ƴan Nijar mazauna waje. A mazaɓar musamman kujera ɗaya ce, wanda ya fi ƙuri'a shi ya ci, kowa ya san wanda ya zaɓa. A sauran kuwa, mazaɓar ita ce jihar gaba ɗaya, daga Ƙonni har Abalak. Tsohuwar da ta dangwala yatsa a Buza jam'iyya ta dangwala wa, aka haɗa ƙuri'arta da ta mutumin Illela da ta Cintabaradan, aka raba kujeru gwargwadon abin da kowace jam'iyya ta samu. Saboda haka "depiten Madawa" magana ce ta baki da ta tsarin cikin gidan jam'iyya. A takarda babu ita. Kundin 2010 ma ya faɗa ƙarara cewa kowane depite wakilin ƙasa ne baki ɗaya, kuma babu mai ikon ɗaure shi da umarnin abin da zai kaɗa.

Wannan a rubuce ke nan. Amma a wuri guda kundin ya ƙara da cewa duk depiten da ya yi murabus daga jam'iyyarsa ya rasa kujera, mataimakinsa da aka zaɓe su tare ya hau. In kuwa jam'iyyar ce ta kore shi, zai ci gaba da zama a matsayin ɗan ba-ruwana, sai dai ba shi da damar shiga wani rukunin majalisa har wa'adi ya ƙare. An yi haka ne don a kashe kiwon siyasa, yau nan gobe can. Ya kashe wani abu, ya haifi wani. Mutumin da jam'iyya ta sa cikin jeri, ta biya masa yaƙin zaɓe, kuma ita za ta yanke ko zai sake shiga jeri bayan shekara biyar, in ranar ƙuri'a ta zo ba ya dogon tunani. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ransa ya fita daga jam'iyya kuwa ba ya murabus, sai ya zauna daram yana kaɗa wa ɗaya ɓangaren. Haka aka gani bayan Agusta 2013, lokacin da jam'iyyar Lumana ta Hama Amadu ta fice daga ƙawancen mulki, wani ɓangare na MNSD-Nasara da Albade Abuba ke jagoranta kuma ya shiga gwamnatin Mahamadu Isufu ba da yardar shugabancin jam'iyyar ba. Wanda ya ɗauki jerin sunayen 2011 ya ce wane ɗan adawa ne don an zaɓe shi ƙarƙashin tutar adawa, zai yi kuskure a kan mutane da dama. Jerin rukunonin majalisa na kowace shekara ya kamata a duba, a haɗa da abin da mutum ya riƙa faɗa a zaure.

Yanzu ga yadda ake kaɗa ƙuri'ar. An gama muhawara, an bi dokar aya bayan aya. Shugaban zama ya ce su wa suka amince, hannuwa su tashi, sakatarorin majalisa su bi layi-layi suna ƙirgawa. Su wa suka ƙi, su wa suka yi rowar ƙuri'a. Sai a sanar: kaza sun amince, kaza sun ƙi, kaza sun yi rowa, doka ta wuce. Washegari abin da jaridar Le Sahel za ta buga ke nan, lambobi uku. Suna ba ya ciki. In ba kana zaune a benen baƙi ba, ko kyamarar Tele Sahel ta faɗa kan layin da mutuminka yake, ba ka da shaidar inda hannunsa ya nufa. Akwai ƙuri'ar asiri, irin wadda ake zaɓen shugaban majalisa da ita, wannan kam an yi ta ne don kada a sani. Ga kuma takardar wakilci: kundin ya yarda depiten da ba shi da lafiya ko yake bakin wani aikin hukuma ya ba abokinsa ikon kaɗa masa, kowa kuma wakilci ɗaya kaɗai zai riƙe. Ka ga ke nan mutum zai iya ɗaga hannu biyu. Shi ya sa adadin ƙuri'un da aka sanar ba shi ne adadin mutanen da ke zaure ba, kuma kada a ce wane ya halarta don kawai an ƙirga ƙuri'arsa.

Duk da haka lambobin suna magana, in an iya yi musu tambaya. Ranar 31 ga Mayu 2007 majalisa ta kayar da gwamnatin firaminista Hama Amadu da ƙuri'ar yanke ƙauna, kan badaƙalar kuɗin ma'aikatar ilimin firamare da aka fi sani da MEBA. Ƙuri'a 62 cikin 113, alhali 57 ake buƙata. A zaɓen 2004, PNDS-Tarayya da ƙawayenta, ƴan adawar lokacin, kujeru 25 suka samu. Cire 25 daga 62, saura 37. Waɗannan daga ɗakin masu rinjaye suka fito, ba daga sama ba. Lissafi ya tabbatar da cewa an yi tawaye a cikin gida, amma bai nuna fuskar kowa ba, kuma daga baya kowa yana iya cewa yana ciki ko ba ya ciki, gwargwadon inda iska ke kaɗawa.

A watan Yuni 2006 majalisar ta yi watsi da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata: 42 suka ƙi, 31 suka amince, 4 suka yi rowa. A haɗa, 77 ke nan. Saura 36 ina suke? A batun da malamai suka tsaya kai da fata a gefe guda, ƙungiyoyin mata da masu ba da tallafi a ɗaya gefen, rashin zuwa ma matsayi ne, kuma shi ne mafi arha. Mai bin sawun depite ya riƙa sa ido kan irin waɗannan ranaku, inda jam'iyya ba ta iya ɗaure mutanenta da igiya ɗaya ba, don a nan ne halin mutum yake fitowa.

Ranar 22 ga Afrilu 2022 kuwa akasin haka ne. Batun girke sojojin ƙasashen waje da ke barin Mali ne, na rundunar Faransa Barkhane da ta ƙasashen Turai Takuba, aka samu 131 da suka amince, 31 suka ƙi. Kusan kowa an ƙirga shi. Sai dai gwamnatin firaminista Uhumudu Mahamadu ta ɗaura batun ne a jikin manufofinta, ta jingina zamanta da sakamakon. Depiten masu rinjaye da zai ce a'a ranar, gwamnatinsa yake neman kayarwa. Don haka 131 ɗin ta nuna ƙarfin ƙawancen mulki, ba ta nuna mutum nawa ne a zuciyarsu suka yarda da zuwan sojojin ba. Abin dubawa a wannan rana shi ne wa ya yi rajistar magana, me ya ce, wane sharaɗi ya nema. Wanda ya tashi ya tambayi wa'adin zaman sojojin da wanda zai ba su umarni, sannan ya kaɗa e, da wanda ya yi gum ya kaɗa e, a lamba ɗaya suke, a aiki ba ɗaya ba ne.

Akwai kuma tarkon yawan dokoki. Za ka ji ana cewa majalisa ta zartar da dokoki kaza a zama ɗaya, tsohon depite ya ɗauki adadin ya sa a takardar yaƙin zaɓe kamar shi ya rubuta su. Kaso mai yawa na waɗannan dokokin amincewa ne da yarjejeniyar bashi ko tallafi da gwamnati ta riga ta sa wa hannu da Bankin Duniya, ko Bankin Raya Afirka, ko Bankin Musulunci. Irin su ba a gyara musu ko waƙafi, e ne ko a'a, kuma galibi baki ɗaya ake amincewa. Wasu kuma tsawaita dokar ta-ɓaci ne, wadda aka fara a Difa a 2015, ta kai wasu gundumomin Tilaberi da kuma Tasara da Tiliya a jihar Tawa a 2017, ana sabunta ta duk wata uku. Ɗaga hannu kan wannan ba abin yabo ba ne, ba kuma abin zargi ba. Abin tambaya shi ne, bayan harin Tiliya na Maris 2021 da ya ci rayuka 137, wa ya miƙe a zaure ya nemi a bayyana abin da tsawaitawar take haifarwa, da abin da take jawo wa makiyayi da ɗan kasuwa a yankin?

Majalisa ba ta zama duk shekara. Zama biyu ne na doka, na farko ana ce masa zaman dokoki, na biyu zaman kasafin kuɗi a ƙarshen shekara, babu wanda ya wuce kwana 90. Zama na musamman ba ya wuce kwana 15. Kafin a tashi hutu, gwamnati takan nemi izinin yin doka da kanta a wasu fannoni har a dawo, majalisa ta ba ta, daga baya a kawo a tabbatar. Wannan izini ƙuri'a ce da ba a cika kula da ita ba, alhali da ita depite yake ara wa gwamnati aikinsa na watanni. Wanda ya tsaya ya ce a rage fannonin, ko a cire wani batu daga ciki don a yi muhawararsa a fili, ya yi aiki ko da bai yi nasara ba.

To ina sunan yake fitowa? Wuri na farko tambayoyi. Depite yana da damar aika wa minista tambaya a rubuce, ko ta baka, ko tambayar abin da ke faruwa a lokacin, ko ya nemi a kira ministan gaban majalisa ya yi bayani a buɗe muhawara. Irin wannan zaman galibi ranar Asabar ake yin sa. Kowace tambaya da sunan mai ita da kwanan wata. Amma kada a tsaya ga ƙirga su, a karanta. A ce depite biyu sun yi tambaya kan hanyar Tawa zuwa Arlit. Na farko ya ce: mai girma minista, yaushe gwamnati za ta dubi halin da wannan hanya take ciki? Ministan zai yi godiya, ya ce abin yana cikin zuciyar shugaban ƙasa, a tafa. Na biyu ya ce: a kasafin bara an ware kuɗi kaza don yanki kaza na hanyar, nawa aka fitar daga baitulmali, wane kamfani aka ba, kilomita nawa aka karɓa, in ba a fitar ba ina kuɗin suka koma? Wannan ba a amsa ta da addu'a. Akwai kuma tambayar da ake shiryawa da ministan tun a ofis don a ba shi filin jero nasarori. Ana gane ta da sauƙi: mai tambaya yakan fara da yabo mai tsawo, in an ba shi damar mayar da martani sai ya ce ya gamsu. Mataki na ƙarshe, wanda kusan kowa ke tsallakewa, shi ne a duba ko ya dawo da batun a zama na gaba. Tambayar da aka yi sau ɗaya aka bari, ta rediyo ce.

Wuri na biyu kwamiti, kuma a nan ne ainihin saƙar take. Kwamitocin dindindin bakwai ne: na harkokin mulki da hukumomi, na kuɗi da kasafi, na tattalin arziki da tsare-tsare, na zamantakewa da al'adu, na raya karkara da muhalli, na tsaro, da na harkokin waje. Kowane daftari ana damƙa shi ga kwamiti ɗaya da zai yi masa aikin gindi, wasu kuma su ba da ra'ayi. Nan ake zaunar da minista da daraktocinsa, a saurari ƙungiyoyin ƙwadago da na farar hula, a bi aya-aya. Kafin doka ta iso zaure, yawancin abin da zai canza ya riga ya canza. Matsalar ita ce ba a haska wannan a talabijin, rahoton kwamiti kuma sau da yawa cewa yake "ƴan kwamiti sun tambaya", ba ya cewa wane. Abin da ake iya kamawa shi ne takardar halarta, da sunan shugaban kwamiti, da na mai rahoto. Mutumin da aka riƙa ba shi rahoton dokoki masu nauyi, abokan aikinsa ne suka shaide shi, don ba a ba malalaci abin da zai kunyata kwamiti gaban zaure. Haka nan a duba dacewar kwamitin da jama'ar da yake iƙirarin wakilta. Wanda ya fito daga ƙasar albasa, Galmi da Madawa, ya yi shekara biyar bai taɓa buɗe baki kan taki, iri, madatsun ruwa ko harajin fitar da albasa ba, akwai abin tambayarsa ko a wane kwamiti yake.

Na uku gyare-gyare da daftarin da depite ya kawo da kansa. A tsarin Nijar gwamnati da ƴan majalisa duka suna da ikon kawo doka, amma a aikace mafi yawa daga gwamnati suke zuwa, don ita ke da ƙwararru da alƙaluma. Saboda haka daftari ko ɗaya da depite ya rubuta ya kai zaure abin lissafi ne. Sai dai akwai wata ƙa'ida da ke karya da yawa tun a ƙofa: duk shawarar da za ta rage kuɗin shiga ko ta ƙara kashewa ba a karɓarta, sai mai ita ya nuna inda za a samo madadin. Depiten da ya yi wa mutanen Buza alƙawarin zai sa a saka hanyarsu a kasafi, dole ya ce daga wane layi za a cire kuɗin. Kasafin 2023 ya haura miliyar 3,000 na sefa, amma albashi da biyan bashi da tsaro sun riga sun kama babban rabo, ayyukan da masu ba da tallafi ke biya kuma ba a taɓa su. Abin da ya rage na motsawa kaɗan ne. Wanda ya san aikin ba ya jiran Disamba. Tun muhawarar alƙiblar kasafi da ake yi a tsakiyar shekara yake fara bi, ya shiga ma'aikatar da abin ya shafa kafin ta rufe lissafinta. Shi ya sa wani lokaci depiten da ba a jin muryarsa a zaure ya fi mai hayaniya kawo aiki gida, shi ya sa kuma depiten adawa, ko ya fi kowa ƙwazo, yakan dawo hannu rabbana. Auna su da mudu ɗaya zalunci ne.

Bayan kasafi akwai wata doka da take zuwa daga baya, ta rufe lissafin shekara, wadda ke nuna abin da aka kashe da gaske, tare da rahoton kotun binciken kuɗin gwamnati. Takan zo a makare, ba ta jan ƴan jarida. Depiten da ya yi magana mai ma'ana a ranarta, a riƙe sunansa.

Na huɗu sa hannu. Takardar yanke ƙauna ba ta karɓuwa sai ɗaya bisa biyar na ƴan majalisa sun sa hannu, wato mutum 35 a majalisa mai kujeru 171, ba a kaɗa ƙuri'a sai bayan awa 48, kuma sai an samu 86 gwamnati take faɗuwa. Kai doka gaban kotun tsarin mulki kafin shugaban ƙasa ya sa mata hannu yana buƙatar ɗaya bisa goma, mutum 18. Waɗannan takardu da sunaye suke tafiya, kuma babu shaidar da ta fi su ƙarfi, don wanda ya sa hannu ya san gwamnati za ta gani. Haka ma kwamitin bincike, irin wanda aka kafa a 2017 kan batun miliyar 200 na sefa na cinikin yuraniyom: wa ya nemi a kafa shi, wa ya zauna ciki, wa ya yarda da rahoton, wa ya fito ya ce bai yarda ba.

Ficewa daga zaure tana ruɗa masu lissafi. Lokacin dokar sauraron wayoyin jama'a a Mayu 2020, ƴan adawa fita suka yi kafin ƙuri'a. Wanda ya dubi lambobi kawai zai ɗauka babu mai ja. In ka ga doka mai zafi ta wuce kusan babu a'a, nemi labarin abin da ya faru minti goma kafin a ƙirga.

Batun harshe ma yana shiga. Kundin 2010 ya ce aƙalla kashi 75 cikin 100 na kowane jerin ƴan takara su kasance masu takardar BEPC, ta gama ƙaramar sakandare, ko makamanciyarta, sauran 25 an bar wa waɗanda ba su da ita. Takardun majalisa da Faransanci suke zuwa, wani daftarin shafi ɗari da wani abu. Babban ɗan kasuwa ko mai faɗa a ji na karkara da bai yi boko mai zurfi ba yana iya fin kowa sanin abin da ke damun manomi, amma in ba shi da mai karanta masa, sai ya zama ɗan amshin shata ba da son ransa ba. A gefe guda, iya zuba Faransanci ba shi ne aiki ba. Akwai masu hawa mumbari duk zama don a ji su a rediyon majalisa a gida, ka tace maganar ba ka samu ko cokali ba. Haka ma dokar kason mata, wadda ta fara da kashi 10 a 2000, ta koma 15 a 2014, ta kai 25 a 2019: ta ƙara yawan mata a zaure, amma mai son ya san nauyinsu sai ya duba kujerun shugabancin kwamiti da na masu rahoto, nawa suka riƙe.

Kuskuren da ya fi yawa a fada shi ne ɗora wa mutum abin da aka yi ba ya nan. Depiten da aka naɗa minista yana barin kujera, mataimakinsa ya hau. Sunan da jama'a suka sani daban, wanda ya zauna a zaure daban. Kafin a yabi wani ko a zage shi kan wata doka, a tabbatar da ranar da ya shiga da ranar da ya fita. Majalisar ƙarshe ma shekara biyu da wata huɗu kawai ta yi, ba a kwatanta yawan aikin wanda ya zauna cikinta da na wanda ya cika shekara biyar daga 2016.

Rijiya da buhun hatsi fa? Ba za a ce ba komai ba ne. A ƙasar da mai haƙuri yake sayen allura da safar hannu kafin a taɓa shi, wanda ya biya maka magani ya yi maka rana. Da asuba ƙofar gidan depite a Yamai cike take, wannan da takardar asibiti, wancan da kuɗin makarantar ɗa, wani kuɗin motar komawa gida kawai yake nema. Amma wannan awon aljihu ne. Mai kuɗi zai ci shi ko bai taɓa buɗe daftari ba, malamin makarantar da ya shiga majalisa da albashinsa kaɗai zai faɗi ko shi ya fi kowa aiki a kwamiti. Gina aji da rijiya kuwa aikin magajin gari ne da majalisar jiha da ma'aikatu. Na depite shi ne ya tambayi dalilin da kuɗin da aka rubuta musu bai iso ba, misali kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai da doka ta ce a mayar wa ƙananan hukumomin yankin da aka haƙo su.

Mai son ya haɗa fayil ɗin mutum guda, ɗan jarida ne ko ƙungiyar matasan gunduma, ga yadda ya fi sauƙi. Ya fara da takarda mai layi huɗu: kwanan wata, batu, abin da depiten ya yi, da inda aka samo shaidar. Ya zaɓi ranaku kamar goma da suka raba kan jama'a, ba duka dokoki ba: dokar safarar baƙin haure ta 2015 da ta taɓa tattalin arzikin hanyar Agadas, kasafin 2018 da ya fitar da ƙungiyoyin farar hula kan titi, dokar laifukan intanet ta 2019 da gyaran da aka yi mata a 2022, da makamantansu. Kundin 2010 ya ce zaman majalisa a buɗe yake kuma a buga cikakken bayanin muhawara a jaridar gwamnati, don haka a ƙarƙashin wannan kundi neman sa haƙƙi ne, ba alfarma ba. Tsofaffin fitowar Le Sahel da labaran kamfanin dillancin labarai na ANP suna ba da ranaku da lambobi da sunayen masu tambaya. Hukuncin kotun tsarin mulki yana nuna waɗanda suka shigar da ƙara. Gidajen rediyo masu zaman kansu da Studio Kalangou suna da muryoyin da aka ɗauka a farfajiyar majalisa bayan ƙuri'a, inda mutum yakan faɗi da Hausa ko Zabarmanci abin da bai faɗa a zaure ba. In an rasa shaidar inda hannunsa ya nufa, a rubuta matsayin rukuninsa, a sa alamar cewa na rukuni ne, kada a mayar da zato shaida. Daga nan a kai masa takardar, a ce ranka ya daɗe, ga abin da muka samu, in akwai wanda muka tsallake a nuna mana kwafinsa. Wanda ya yi tambaya a rubuce yakan ajiye kwafi mai hatimin ofishin majalisa da kwanan watan da aka karɓa.